Katin da Na Hana a Goge

Ɗazu da hantsi na ji ku, kai Auwalu da abokanka, kuna cewa aikina ba aiki ba ne, zama ne a inuwa da surutu, kuma da kun samu talabijin da janareta za ku buɗe naku shagon. Na kuma ji kuna shawarar a goge ƙaramin katin nan da ke cikin gwangwanin madara a ajiye wasan ƙwallo a kai, tunda a ganinku zaman banza yake yi. Ban tanka ba, don bakina cike yake da ƙosai. Yanzu na haɗiye, sai ku gyara zama.

Sana'ata ba da labarin gem ce. Akwai irin gem ɗin da mutum ke shiga rigar wani jarumi, ya bi gari-gari, ya yi magana da mutane, a ba shi zaɓi ya zaɓa, abin da ya zaɓa kuma ya bi shi har ƙarshen labari. Duk da Turanci suke zuwa. Mutum ɗaya ke riƙe hannun gem yana dannawa, wasu talatin suna kan benci, ni kuma ina tsaye gefen talabijin ina mayar musu da maganar Hausa. Katin da kuke son gogewa shi ke riƙe wurin da aka tsaya, don gobe a ɗora daga nan.

A Safana na koya, wajen Maigida Tanimu, Allah ya jiƙansa, mai gidan kallo a bayan tasha. Shi fim yake fassarawa, lokacin ba a san gem ba a wajenmu. Na shekara ina share masa tabarmi da ɗaukar batir kafin ya bar ni in buɗe baki. Ranar da ya gwada ni, da tsakar rana ce, ba kowa a rumfar. Ya sa fim, ya kashe sautin, ya koma can baya ya zauna yana ɓarar gyaɗa, ya ce in fara. Na zage ina zuba, ina jin kaina gwani. Ban yi nisa ba sai na ga ya kakkaɓe riga ya nufi ƙofa.

Na ce, "Maigida, ina za ka? Ai ban gama ba."

Ya ce, "To me zai zaunar da ni? Tun farko ka gaya mini wanda ya saci zoben. Haladu, mutum ba ya tashi in akwai tambayar da ba a ba shi amsarta ba. Kai kuwa amsa kake rabawa kamar sadaka."

Wata uku ina yi wa tabarmi labari yana ficewa. Ranar da ya kai ƙarshe a zaune, ɓawon gyaɗa ya taru a gabansa, bai yaba ba. Cewa ya yi gobe in zo da wuri. Shi ya koya mini in fi kallon fuskokin mutane a kan kallon allo, ya kuma hore ni kada in taɓa faɗin abin da babu shi a fim, don ran da aka kama ka da ƙari, ko gaskiyarka ba za a sake saye ba. Akwai kuma dabararsa ta murya. Kowane mutum a fim sai ya ara masa muryar da aka sani a gari. Marowaci ya yi magana kamar wani mai shago, wawa kamar ɗan dako, attajiri kamar direban da ya yi sabuwar mota. Ɓarawo da ɗan fashi kuwa, kullum da karin harshen Fulani suke magana, don nan ne rumfa ke fashewa da dariya. Haka na tarar, haka na ɗauka, ban taɓa tambayar dalili ba.

Da na dawo Batsari na kama wannan shagon, da ƙwallo na fara kamar kowa. Ba na zagin ƙwallo, ita ta saya mini fanka da benci. Amma minti goma an gama, wanda aka ci ya ce hannun ne ya lalace, a tashi, ba wanda ya tafi gida da komai a ransa. Faifan labari na farko a Katsina na samo shi, cikin tarkacen da mai shi ya rasa mai saye. Kwana tara na yi a kansa ni kaɗai, da ƙamus ɗin da bangonsa ya fita, da littafin makaranta da nake rubuta sunaye. Sunayen Turawa ba sa zama a bakin mutanenmu, sai in raɗa wa kowa na gida. Daga nan ya zame mini ƙa'ida: kowace safiya in buga gaba ni kaɗai, in san abin da ke zuwa, in shirya inda zan ja da inda zan yi shiru. Ku da kuke ganin ina magana ba gargada, wannan safiyar ce ba ku gani.

Ba kowane gem mai labari ne nake yarda ya shigo shagona ba. Akwai wanda zai ba ka ƙofa uku, duk wadda ka bi ɗaki ɗaya za ka faɗa. Wannan rainin hankali ne, kuma mutanen benci suna ganewa ko ba sa jin Turanci. Akwai wanda sara ne da suka daga farko har ƙarshe, an ɗan yayyafa labari a sama kamar yaji a kan naman da ya kwana. Wanda nake so shi ne wanda zai bar ka ka yi kuskure, ya yi shiru, sai bayan kwana biyar ya kawo maka shi har gida. Wani mahauci, Mamman, ya taɓa barin wata tsohuwa a bakin kogi a cikin gem don ya tsira da kayansa. Can gaba aka iso wani gari, ɗanta ne mai tsaron ƙofa, ya ƙi buɗewa. Washegari sai ga Mamman da tsire a takarda, wai in taimaka a koma baya ya ɗauki tsohuwar. Na ci tsiren, na ce ba a komawa. In ana komawa baya a gyara, ba wanda zuciyarsa za ta buga lokacin zaɓi.

Dokar shagon guda biyu ce. Kowa da ranarsa ta riƙe hannu. Kuma mai hannu shi ke yanke hukunci. 'Yan benci su yi ihu, su ba da shawara, su yi zagi in sun ga dama, amma ɗan yatsan mutum ɗaya ne zai danna.

A cikin masu rana akwai Buba. Bafulatani ne, magidanci, rugarsu tana yamma da gari tun kafin a haife ni, suna kiwo suna noma. Ranar kasuwa ce tasa. Bai iya faɗa a gem ba ko kaɗan, kullum sai an kashe shi sau uku kafin ya wuce, amma ban ga mai haƙurin sauraro kamarsa ba. Duk wanda ya gamu da shi a hanya sai ya tsaya ya ji ta bakinsa, har 'yan benci su gaji su ce, "Buba, ba gaisuwar suna ka zo ba, wuce!" Akwai kuma Malam Nura, malamin sakandare da aka turo daga Katsina. Shi kaɗai ke karanta Turancin allo da sauri kamar ni, kuma in na kauce sai ya yi gyaran murya.

Wata rana an tashi, ina naɗe waya, Buba ya tsaya har kowa ya fita. Ya ce, "Haladu, in tambaye ka. Me ya sa kullum ɓarawo da muryar Baffana yake magana?"

Na yi dariya na ce, "Haba Buba, wasa ne. Kai ma ai kana dariya."

Ya ce, "Ina yi." Ya ɗauki sandarsa ya tafi. Ban sake tuna maganar ba.

Sai shekarar nan ta zo, wadda kuna yara amma kun san ta. Gonakin nesa suka gagara zuwa saboda 'yan bindigar daji. Mutanen ƙauyuka suka cika makarantar firamare da tabarmi da tukwane. Aka katse layin waya, aka hana sayar da mai a jarka, aka rufe cinikin shanu. Abin mamaki, a lokacin ne shagona ya fi cika, don waya ta zama dutse a aljihu, kuma mutum yana son ya zauna inda za a ɗauke masa hankali ko na awa ɗaya ne. Na mayar da wasa tsakanin azahar da la'asar, tunda ba mai son magariba ta same shi a hanya. Mai kuwa, sai in je gidan mai da babur a zuba mini ɗan abin da aka yarda, in dawo in zuƙe shi da tiyo cikin kwalba. Har yau in na tuna ina jin ɗanɗanon fetur a harshena. Kwalba ɗaya ce ta yini. Buga gaba da safe ya gagara, sai dai in ga abu tare da kowa in fassara shi nan take. Ban ɓoye ba, kullum ina ƙorafin haka a gaban mutane.

Fulanin da muka saba da su duk suka ɗauke ƙafa daga gari, ban da Buba. Na ja shi gefe na ce ya ɗan dakata da zuwa. Ya ce, "In na daina zuwa za a ce na gudu. Wanda ya gudu kuwa an gama yanke masa hukunci. Gara a riƙa ganina."

Labarin da muke kai a lokacin na wani jarumi ne da mahara suka ƙone garinsu, yana bin sawunsu. Maharan daga wasu duwatsu masu ƙanƙara suke, sanye da fatun namun daji, ko akuya ba su da ita. Amma ni na raɗa wa shugabansu suna Arɗo, na kuma ba shi muryar da na saba. A da in na yi muryar dariya ake yi. A shekarar nan kuwa shiru ake yi, sai tsaki, sai wani ya ce Allah ya isa. Ni da wautata na ɗauka gwanintata ce ta ƙaru.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, hannu yana wajen Buba. Mako uku muna bin Arɗo, ran nan aka rutsa shi a wani kogo. Na'ura ta ajiye wuri a bakin kogon, Buba ya shiga, aka fara faɗa. Shago ya cika har ƙofa. Muna cikin haka hasken ƙofa ya ragu, na ɗaga kai, sai ga Sada da mutum biyu.

Sada manomi ne daga wajen Yasore. A da yakan zo buga ƙwallo, mutum mai raha. Kwana uku kafin ranar aka kashe yayansa a gona, shi kuma ya riga ya shiga 'yan sa-kai. Su ukun kowa da bindiga ƙirar gida. Ya yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Mutanen da ke bencin bayan Buba suka matsa ba wanda ya ce su matsa. Sada ya zauna daidai bayansa, ya ɗora bindiga a cinya. Biyun suka tsaya a ƙofa, ɗaya dama ɗaya hagu. Kun ga shagon nan, ƙofa ɗaya ce, tagar kuma da ƙarfe.

Malam Nura ya miƙe a hankali, ya ɗauki buta kamar zai kama ruwa. Da ya zo wucewa ta gabana ya sunkuya yana gyara takalmi, ya ce ƙasa-ƙasa, "An ce an ga Buba a hanyar ƙauyen su Sada ranar da aka yi kisan. In suka fita da shi ba zai dawo ba. Riƙe su, zan nemo Mai unguwa." Ya fita, suka ba shi hanya don malami ne. Ba waya, sai dai ya bi gari da babur yana tambaya, ranar kasuwa kuma. Na dubi agogo, na tuna kwalbar da na zuba tun azahar. Man da ya rage ba zai kai rabin awa ba.

Ikon Allah, Buba da ake kashewa sau uku, ran nan bugu ɗaya ya kayar da Arɗo. Ni da nake addu'ar faɗan ya ja. Arɗo ya durƙusa, takobin jarumi a wuyansa, rubutu ya fito layi uku. Na karanta na farko: a kashe shi. Na biyu: a sake shi. Ban kai na uku ba shago ya ɗauka, "Kashe shi! Yanka shi!"

Sada ya ɗaga hannu, aka yi tsit. Ya ce, "Ku bari. Ai dokar gidan ga, mai hannu ke yanke hukunci. Ku bari mu ga abin da za ya yi ma ɗan'uwanshi."

Buba bai waiwaya ba. Ina ganin gumi yana bin ƙeyarsa. Na gane inda aka sa shi. In ya saki, an ce ya kare nasa. In ya kashe, an ce ga shi nan, kisa ba ya yi masa wuya. Kuma ni na gina masa wannan ramin da bakina, mako uku ina haƙa.

Na ce, "Akwai na uku, ban karanta ba. A tambaye shi dalili."

Buba ya danna tun kafin in rufe baki.

Rubutu ya fara gudu a ƙasan allo, Arɗo yana magana. Na buɗe baki, muryar nan da na saba ta taso har maƙogwaro. Na haɗiye ta. Na fassara da muryata, irin wadda nake sayen goro da ita. Ban yi layi biyu ba wani daga baya ya ce, "Kai Haladu, ba haka Arɗo ke magana ba!"

Na ce, "Haka yake magana. Waccan muryar ni na saka masa, babu ita a faifai. Sunan ma ni na raɗa. Ku dube shi da kyau, kun taɓa ganin Bafulatani da rigar fatar kura a cikin ƙanƙara? Mutumin nan bai taɓa ganin saniya ba. Ƙarya na yi muku don ku yi dariya."

Sada ya ce, "Ba wa'azi muka zo ji ba. Karanta."

Abin da ke allon bai taka kara ya karya ba, cika baki ne na wanda aka kayar, layi huɗu ko biyar. Na ja kowane layi kamar danƙo. Na ce wa Buba kada ya danna sai na gama. Ina na huɗu janareta ya yi tari sau biyu, ya yi shiru. Allo ya yi baƙi. Fanka ta juya, ta juya, ta tsaya. A shirun nan har kukan awakin kasuwa ana ji.

Sada ya miƙe, ya dafa kafaɗar Buba. Ya ce, "Wasa ya ƙare. Tashi, muna da magana waje."

Ban san lokacin da na ce, "Bai gama magana ba."

"Wuta ta ɗauke."

"Na buga gaba, na san abin da ya ce. Ya ce su baƙi ne, ba su san hanyar garin ba. Wani ne ya nuna musu, kuma da shi jarumin ke cin tuwo."

Wannan ne karo na farko da na karya horon Maigida Tanimu, na faɗi abin da babu. Sada bai zauna ba, amma bai taka ba. Hannunsa yana kan kafaɗar Buba, idonsa yana kaina. Ya ce, "Wane ne?"

Na ce, "Haka jarumin ma ya tambaya. Sai mutumin ya ce ba zai faɗa da takobi a wuya ba, a ba shi ruwa tukuna."

To, ku da kuka ce surutu ne, ga aikin. Babu allo, babu sauti, babu littafi. Mutum talatin da bindiga uku, kuma a garin da kowa ke zargin maƙwabcinsa da kai rahoto daji. Na ɗauko maganar da ta fi kowace zafi don ita kaɗai za ta riƙe Sada, amma in na sake ta kuɓuce mini, wani ne daban za a fitar maimakon Buba. Na ce maci amanar dogo ne. Nan take na ga idanu sun koma kan wani tela dogo da ke bencin tsakiya, shi kuma ya fara zufa. Ban ɓata lokaci ba na sare wa mutumin ƙafa ɗaya a labarin, na ba shi gemu ja, na ce falken gishiri ne da ya zo daga bakin teku. Sai da na tabbata bai yi kama da kowa a ƙasar Batsari ba sannan na ci gaba.

Na sa aka je ɗebo ruwan, aka tarar rijiyar kogon ta ƙafe. Na sa mutumin ya ce akwai alama da aka ɗaura musu a bishiya, jan ƙyalle, kuma jarumin ya san mai irin ƙyallen. Na sa jarumin ya tuna inda ya taɓa ganinsa, na kai shi har bakin tunawar, na kawo wani abu ya katse. Duk amsar da na bayar sai ta haifi tambaya biyu. Idona yana kan fuskar Sada kaɗai. In na ga ya kalli ƙofa in ɗaga murya, in na ga ya dawo in sassauta. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba. Ɗaya daga cikin na ƙofa ya ce, "Sada, lokaci fa." Sada ya ce, "Dakata." Can na ga ya janye hannu daga kafaɗar Buba. Can kuma ya zauna a gefen benci, bindigar tana tsaye tsakanin ƙafafunsa.

Ban san minti nawa na yi ba. Na dai san dabarata ta kusa ƙarewa, na fara maimaita rijiya, lokacin da na ji babur ya tsaya a waje. Sai sallamar Baba Mai unguwa, tsoho mai shekara kusan tamanin, yana dogara sanda, Malam Nura a bayansa. Daidai nan ladan ya ɗaga murya.

Tsohon bai dubi bindiga ko ɗaya ba. Ya gaisa da na ƙofa, ya tambayi iyayensu da suna. Ya iso wajen Sada, Sada ya rusuna. Ya ce, "Sada, ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan yayanka, ya sa ya huta. Mutumin kirki ne, na san shi tun yana tallan rake." Sada ya ce amin. Tsohon ya daɗe yana addu'a, kowa ya shafa. Sannan ya juya ya ce, "Wane ne wannan, Buba ne? Yauwa. Zo nan ɗana, gwiwar nan ta matsa mini yau. Kama ni ka kai ni masallaci."

Buba ya ajiye hannun gem a kan benci. Tsohon ya miƙa wa Malam Nura sandarsa, ya rataya hannu a wuyan Buba, ya sakar masa nauyinsa duka. Haka suka bi ta tsakanin bindigogi biyun nan, taku ɗaya-ɗaya, tsohon yana ta mitar gwiwa. A bakin ƙofa Buba ya waiwayo ya ce, "Haladu, ka ajiye mini wurin."

Na ce, "Yana nan."

A sahun farko Buba ya yi sallah, kusa da tsohon, kuma a gidan tsohon ya kwana. Da aka bincika, ranar da aka kashe yayan Sada, Buba yana ƙauyen Darini wajen suna, mutum fiye da goma sun ci abinci tare da shi. Amma kafin wata ya ƙare rugarsu ta tashi. Wasu sun ce kudu suka yi. Ban sake jin labarinsa ba.

Bayan mako guda ina shara da hantsi sai ga Sada, shi kaɗai, ba bindiga. Muka gaisa, na yi masa ta'aziyya yadda ya kamata, ya zauna a bencin da ya zauna ran nan. Na ga ba zan iya riƙe abin ba. Na ce, "Sada, maganar wanda ya nuna hanya, babu ita a faifai. Ni na ƙirƙira. Kada ka je kana neman mai jan gemu."

Ya ce, "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar. Kai da kullum kake kukan ba ka da man buga gaba?"

Na jingine tsintsiya. Na ce, "To me ya zaunar da kai?"

Ya ce, "Na yi ma mutanena alkawari za ni fito da shi. Tun da na dafa kafaɗarshi na ji yana rawa, nike neman abin da za ya zaunar da ni. Ban samu ba sai da ka buɗe baki."

Daga ranar, duk mugun da ya fito a allon nan da muryata yake magana. Kun sha yi mini tsiya cewa ɓarayina ba su da armashi, duk kamar Haladu suke. Yanzu kun san dalili.

Faifan yana nan cikin akwati, mai ya samu, waya ta dawo, da na so da tuni na ga abin da mutumin kogon ya faɗa da gaske. Ban duba ba. Katin yana bakin kogo inda na'ura ta ajiye, kuma kun san dokar shagon nan, mai hannu shi ke dannawa. Auwalu, mayar da gwangwanin inda ka ɗauke shi. Ranar Buba ce, bai gama ba.